Mutumin da Ya Kwance Mana Layin Dogo

Ina kan keke a shagona na ɗinki a unguwar Dutse Alhaji ta Abuja sai wani mutum ya yi sallama, da takarda a hannu. Ya yi ƙiba, amma muryar na nan. Ɗan dagacin garinmu ne.

Garin namu jirgin ƙasa ne ya kafa shi. Kakana ya ce kafin a shimfiɗa dogo babu komai a wurin sai tsamiya biyu da rijiyar makiyaya. Da aka gina tasha, masu awon gyaɗa suka sauka, Ibo suka buɗe kantuna, Yarabawa suka kawo goro. Babana ma'aikacin reluwe ne, shi ke ɗaga tuta. Innata kuwa dafaffen rogo take miƙawa ta tagar tarago.

Sai jirgi ya fara latti. Daga kullum ya koma mako-mako, daga nan shiru. Ba wanda ya zo ya ce mana uffan. Kantuna suka rufe, amma Baba bai daina cire ciyawar kan layi ba.

Wata ranar kasuwa ɗan dagacin nan ya kawo tirela biyu da masu yankan ƙarfe. Suka kwance layin, suka kware kwanon tasha, suka sauke tankin da unguwarmu ke shan ruwa. Baba ya tare su da tsohuwar rigar aikinsa. Shi kuwa ya sa aka ɗauke shi cak aka ajiye a gefe, ana dariya. Har Baba ya rasu bai sake taka wurin ba. Mu ma muka watse.

"Malam, ƙungiyar 'yan garinmu ce ta Abuja," in ji ɗan dagacin, yana miƙo min takardar. "Muna roƙon a dawo mana da jirgi. Hannu kawai za ka sa."

"A kan wane layin zai bi, Alhaji?"

Ya yi yaƙe. "Haba, ai wannan tsohon zance ne."

"Ka san inda matan garin ke ɗebo ruwa yanzu?"

Ya naɗe takardarsa. "Taurin kan tsohonka ka gado."

Na miƙe har kujera ta faɗi. "Fice min daga shago."

Maƙwabciyata mai sayar da lemo ta leƙo. "Oga tela, lafiya?" Na ce lafiya lau.

Daga baya na ji shi aka zaɓa shugaban ƙungiyar. Ba na zuwa taronsu. Ranar da ya zo shagon dai sau biyu ina farke wuyan riga ɗaya.