Obrad Mai Fentin Duwatsu

Duk wanda ya taɓa hawa daga ƙauyenmu zuwa tafkuna ukun nan na saman dutse, aikin hannun Obrad ya bi, wan mijina. Jan zoben nan mai farin ɗigo a tsakiya da ake gani a jikin duwatsu da itatuwa, mai nuna wa baƙo hanya, shi yake shafa shi, yau shekara talatin da ɗaya. A injin tsaga katako ya yi aiki har ya yi ritaya, ba wanda ya taɓa neman shawararsa ko a kan ƙusa. Amma daga ranar da ƙungiyar mahaya dutse ta birni ta ba shi gwangwanin fenti biyu da jar hula, shi ke nan, kai ya kumbura. Ko coci da hular yake zuwa, sai a bakin ƙofa yake cire ta, shi ma da ƙyar.

Shi da ƙanensa Radule, mijina, shekara ashirin da biyu ba sa magana. A kan me? Lauje. Laujen yankan ciyawa na babansu, wanda ko kyauta aka ba ni ba zan karɓa ba. Tun daga ranar nan, Obrad bai sake furta sunan Radule ba, sai dai "wancan na bukka". Radule kuwa, sakaraina, ba laujen yake nema ba, ba ban haƙuri ba. Abu ɗaya yake jira: ya ji wansa ya kira shi da sunansa, ko sau ɗaya, kafin a binne ɗayansu. Ga kunnensa kullum ƙara kurmancewa yake. Na dama ya mutu tuntuni, na hagu sai tsawa ko ƙararrawar coci. Obrad bai sani ba. Ina zai sani?

Bukkarmu ta bazara, inda muke kai tumaki mu yi cuku, tana kan tsohuwar hanyar Tafkin Sama. Shekarar da suka ɓata, Obrad ya zo da buroshin waya ya kankare alamun hanyar ɗaya bayan ɗaya, don kada fentinsa ya bi ta ƙofar ƙanensa. Ya ja sabuwa ta bayan tsauni, cikin tsakuwa mai zamewa, ba inuwa ba ruwa. Tafiyar minti hamsin ta koma awa uku. Bayin Allah 'yan birni su yi ta hawa harshe a waje, suna cewa ai haka dutse yake.

To ga abin kunyar. Kowace shekara ranar bikin Annabi Iliya, farkon Agusta, 'yan ƙungiya kan cika mota su zo. Obrad ya jera su a bakin Tafkin Ƙasa, ya yi musu wa'azin takalmi da ruwan sha, ya ce, "Ku bi alama, 'ya'yana, kada wanda ya kauce. Zan tsaya in gyara wani zobe, na same ku." Suna shan kwana sai ya sulale ta tsohuwar hanya, ya bi ta bayan garkenmu a duƙe kamar ɓarawon kaji. Su isa Tafkin Sama a jigace, su tarar da shi ya miƙe ƙafa yana cin burodi da albasa. "Kai, Kawu Obrad, shekara saba'in! Mutum ne kai ko barewa?" Shi kuma ya shafa gashin baki ya ce yaran zamani ba su da ƙashi.

Bara, ranar bikin da hantsi, ina tsane cuku na hango jar hular ta ratso kwari. A mashigar rafin da ke fitowa daga Tafkin Tsakiya ya taka dutse mai gansakuka. Hula ta yi sama, mai ita ya yi ƙasa. Na jira ya tashi, bai tashi ba. Ya dai ja jiki ya jingina da wani dutse, ƙafa ɗaya a karkace. Waya ba ta kamawa a kwarin nan, kuma ba mai wucewa, don shi da hannunsa ya kashe hanyar.

A wajenmu in kana neman mutum daga tsallaken kwari, hannu kake sawa a baki ka ja sunansa har dutse ya amsa. Ba a yin kira sai da suna. Sai na ji, "Ooo Garo, ooo!" Karenmu fa! Tsoho da furfurarsa, ƙafa a karye, kare yake kira. Garo ya ɗaga kunne ɗaya ya koma barcinsa.

Can kuma, "Ooo masu bukka, ooo!"

Na yi banza da shi.

"Ooo Darinka, ooo!"

Da na ji sunana, na goge hannu na fito kan tudu. "Ooo Yaya Obrad! Yau an tuna da ni? Me ya kawo ka hanyar da babu ita?"

"Ƙafata ta karye, matar nan! Kawo doki!"

"Ni mace zan ɗaga ƙato irinka? Gidan nan akwai namiji, kuma a coci ɗaya aka raɗa muku suna!"

"Ki turo shi!"

"Wa?"

"Kin san shi, munafuka!"

"Ban ji ba, Yaya, iska ta yi yawa!"

Kada a ce ni muguwa ce. Yana cikin inuwa, ga ruwa a gefensa, kuma mai ƙarfin zagin da ya yi mini ba yau zai mutu ba. Na je na jawo Radule daga inda yake ɗinkin linzami, na zaunar da shi a kan kututture a bakin tudu, fuskarsa wajen tumaki, kunnen hagu wajen kwari. Ya ce lafiya? Na yi masa alama ya zauna ya sha iska. Na gaji da ganin mutumin nan kowace shekara yana leƙen wansa ta tsagar shingen garke. Na ce yau sai ya ji abin da yake jira.

Awa biyu muna haka. Hadari ya fara haɗuwa a kan Tafkin Sama, irin na azahar ɗin nan mai zuwa da ƙanƙara, rafin kuwa da an yi ruwa yake cika ya tumbatsa. Obrad ya fi kowa sani. Sai muryar ta taso a dishe, ta ja, ta ja, har duwatsu suka amsa.

"Ooo Radule! Radule ƙanena, ooo!"

Tumaki ma sai da suka ɗaga kai. Na juya na dubi mijina. Yana ta huda fatar linzaminsa da basilla, ko gezau. Tunda nake ban taɓa jin baƙin ciki irin na lokacin ba.

Na damƙi kafaɗarsa na sa baki a kunnensa. "Wanka ya faɗi a rafi! Ya kira sunanka!"

"Sunana? Da bakinsa?"

Bai jira amsa ba. Ya kama dokin a geza ya gangara, ni a baya ina haki. Muka ɗaure ƙafar da sanduna biyu da ɗankwalina, muka ɗora shi a kan doki, an fara yayyafi. Radule na tallafe da shi. Ya kai kunnen hagu daf da bakin wansa.

"Yaya," ya ce da ƙarfi, irin maganar kurame, "kunnena ya mutu, ban ji ba. Sake faɗa."

Obrad ya dube shi. Na ga ya gane, na ga leɓensa ya motsa. Sai ya kau da kai ya dubi rafi.

"Kare ne na kira," in ji shi.

Radule ya juyo wajena. "Me ya ce, Darinka?"

Na yi masa ihu, "Ya ce ka ja doki, ruwa na zuwa!"

Ya ja dokin. Sai da ya zagaya ya koma ɗaya gefen tukuna, don kunnensa na hagu ya kasance wajen wansa, kuma a haka ya tafi cikin ruwan har muka kai ƙauye.