Cire Ka Mayar

Ni na koya wa Kawu cire modem a mayar, kuma har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, haifaffen Gafasa, kuma shi ne sakataren wata ƙungiyar manoman gyaɗa mai ofis a Ajingi. Mambobinta rabi 'yan Gafasa ne, rabi 'yan Balan ta ɓangaren Gaya, inda Kawu ya auro matarsa. Da can, in iri ko taki ya iso, babur yake hawa ya bi gari gari yana sanarwa. Da na dawo daga Kano da 'yar takardar shaidata ta kwamfuta, kaina na hayaƙi, sai na ce masa wannan wahala ta ƙare.

Na haɗa masa tsohuwar kwamfuta da modem guda biyu, irin masu kama da filashi da ake sa wa layin waya. Layin da ke kamawa a Balan daban, na Gafasa daban, don haka kowane gari da modem ɗinsa. Kawu zai rubuta saƙo sau ɗaya, ya danna, ya shiga wayar kowa. Ranar farko ya yi ta dariya yana cewa, "Kai, Injiniya, ashe kuɗin makarantarka bai faɗi ƙasa banza ba."

Modem ɗin Gafasa yana da halin tsiya, yakan sandare in ya yi zafi. Da Kawu ya kira ni a kan haka, ina cikin motar Kano, na ce, "Kawu, cire shi ka mayar, shi ke nan." Bai yi musu ba, don haka yake yi wa rediyonsa da batirin wayarsa. Duk wanda na sani a garinmu haka yake gyara kayan wuta.

Ana sa ran saukar damina irin gyaɗa ya iso, kuma bai kai yawan da aka nema ba. Kawu ya ga modem ɗin Gafasa ya sandare, ya cire ya mayar, ya aika saƙo cewa a zo ranar kasuwa, wanda ya riga ya samu. Allo ya nuna masa "An aika". Mutanen Balan suka zo suka kwashe kusan duka. Daga Gafasa ba wanda ya leƙo sai mutum biyu da suka zo cin kasuwa.

Bayan kwana biyu magana ta cika gari: sakatare ya sayar da mutanensa don ya faranta wa surukansa. Wani abokinsa na ƙuruciya ya faɗa masa haka a ƙofar masallaci, a gaban jama'a. Kawu ya rantse ya aika, aka ce to ina saƙon? Kowa ya zaro wayarsa ya nuna masa babu. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana riƙe da littafin ƙungiya ba a taɓa jin kansa da kowa ba, sai ga shi ana shirin zama don a tsige shi.

Na zo Ajingi da sassafe raina a ɓace, ina zargin kamfanin waya. Na gwada layin Gafasa a wayata, lafiya lau. Na sauya waya, na hura ramin kwamfutar, ba abin da ya canja. Sai wajen azahar na buɗe jerin na'urorin da kwamfutar ke gani, na tsaya ina kallo. Ranar da na haɗa su, ta ba modem ɗin Balan lamba sifili, na Gafasa lamba ɗaya, ni kuma na rubuta wa manhajar da ke aika saƙonnin cewa saƙon Gafasa ya bi ta ɗaya. Yanzu ga sifili nan, ga biyu, babu ɗaya.

A nan na gane. Kwamfuta ba ta san modem ɗin Gafasa ba, lambar da ta tarar babu kowa a kai take bayarwa. Lokacin da Kawu ya zare shi, manhajar tana riƙe da lamba ɗaya ba ta saki ba, da ya dawo sai aka ba shi biyu. Saƙonni suka yi ta taruwa a bakin ƙofar da babu kowa a bayanta. "An aika" ɗin nan kuwa ni na tsara shi, yana fitowa da zarar saƙo ya shiga jerin masu jiran tafiya, ko ya tafi ko bai tafi ba.

Gyaran bai ci awa ɗaya ba. Na sa kwamfutar ta riƙa gane kowane modem da ramin da aka soka shi, ta kira ɗaya Gafasa, ɗaya Balan, ko sau nawa aka cire. Na aro jan farce a shagon maƙwabta na ɗiga a ramin Gafasa da modem ɗinsa, don kada a musanya.

Ranar zaman na ɗauki kwamfutar har Gafasa. Na nuna wa dattawa saƙonninsu jere, da ranar da Kawu ya rubuta su. Na ce laifina ne, ni na ce ya cire ya mayar. Sai aka fara "Allah Ya kiyaye gaba". Abokin nan ya miƙo hannu, Kawu ya karɓa. Amma iri ya riga ya ƙare, wasu sai da suka sayo na kasuwa da tsada, suka yi shuka a makare.

A hanyar komawa na ce, "Kawu, yanzu kam ba zai ƙara faruwa ba."

Ya ce, "Na yarda, ɗan nan. Amma ka lura? Na rantse musu da Allah ba su yarda ba, sai da akwatinka ya yi mini shaida."



Kwamfutar tana nan tana aiki, saƙo bai ƙara ɓata ba. Amma duk ranar da Kawu ya aika sanarwa, sai ya rufe ofis, ya hau babur ya tafi Gafasa, ya tsaya a ƙofar masallacin nan ya maimaita ta da bakinsa. Na taɓa ce masa asarar mai yake yi. Bai ko kalle ni ba, ya tayar da babur.