Kular Tuwon da Alhaji Ma'azu Ya Mayar

Da sunan Allah mai ciyar da bayinsa duk inda suke.

Hasiya 'yar Fagge ce, amma shekararta goma sha ɗaya a Guangzhou tana tuƙa tuwo. Mijinta ne ya kawo ta. Da Allah ya yi masa rasuwa, ta ce ba inda za ta je sai 'yarta Raliya ta gama karatu. A unguwar Sanyuanli take, hawa na huɗu, can 'yan kasuwar Kano da na Maraɗi ke hawowa cin tuwo miyar kuka in sun taso daga kasuwar Canaan.

To, lokacin da kasuwa ke ci, Alhaji Ma'azu ne babban baƙonta. Mai sarin kayan sawa ne, ya shigo da mutum takwas a bayansa ya ce a zuba wa kowa. Sai dala ta tashi, masu sari a gida suka daina kira, Alhaji ya daina hawowa. Wata Juma'a ta hango shi a bakin tashar jirgin ƙasa, shaddar nan tasa tana yawo a jikinsa. Ta tambayi Abdoulaziz ɗan Maraɗi, maƙwabcin ɗakinsa, ya ce mata shayi ne da burodi, sau ɗaya a yini.

Hasiya ba ta tsaya tunani ba, ta cika kula ta ba Abdoulaziz. Kula ta dawo ko buɗewa ba a yi ba, wai an gode, azumi yake. Washegari ma azumi. Kwana uku a jere, ciki har da Asabar. Ta rasa yadda za ta yi, ga mutum yana ƙarewa a kan idonta.

Ranar nan bayan la'asar tana tsince shinkafa, Raliya na gefe tana karatun jarrabawa, don tarihi take karanta a jami'a. Sai Hasiya ta ga wani tsohon hoto a kwamfutar Raliya, Turawa maza a dogon layi, kowa da kwat da malafa. Ta tambaya ko jana'iza ce.

"Umma, Amurka ce, kusan shekara ɗari. Miya da burodi suke jira."

Raliya ta ba ta labari. Wai sun yi shekaru cikin daula, mota da rediyo sun shiga gidaje, har ma'aikata na sayen hannun jari suna ganin abin ba zai taɓa sauka ba. Sai kasuwar ta rushe, bankuna suka rufe, aka kai mutum ɗaya cikin huɗu ba shi da aiki. Waɗansu har bukkar kwano suka koma.

Hasiya ta ajiye faranti ta ƙura wa hoton ido. Da yawansu sun janyo malafa sun rufe fuska. Ta ce to, a wannan layin suka dawwama? Raliya ta ce a'a, da zaɓe ya zo suka kayar da shugaban, sabon ya ɗebi mutane aiki, dashen itatuwa, gina hanyoyi da madatsun ruwa, a biya su guminsu.

"Ashe ni na yi kuskure," in ji Hasiya. "Layi na aika masa a cikin kula."

Da safe ta yafa mayafi ta tafi da kanta. Ta tsaya a ƙofar gidan su Alhaji, ta sa aka kira shi. Kuma ba ƙarya ta shirya ba. Tun tuni mutanen Maraɗi ke damunta da tambayar wa ya yanka ragon da take dafawa, ita kuwa iyakarta ta ce lawban, wato mai shagon naman, Musulmi ne. Ta roƙi Alhaji ya riƙa bin mai naman ran Talata da Asabar, ya ga yankan da idonsa, ya kawo mata. Shi dattijo ne, kowa ya san shi, ga shi yana jin yaren mutanen garin.

Ya ce zai yi saboda Allah, amma ba ya son ko sisi, kuma kada a zuba masa komai.

"Alhaji, in mai shaida ya kawo nama bai ci ba, wa zai yarda da naman? A gabansu za ka ci, kullum. In ba haka ba, ka bar aikin."

Ya kalle ta, ya kalli ƙasa. Ya ce, "Hajiya, ke dai ba a gardama da ke."

Ran Talata ya hawo benen nan da cinyar rago, yana haki. Ya zauna cikin mutane ya wanke hannu, ya yi bismillah ya kai loma, kowa na kallonsa, sannan suka sa hannu. Da ya gama ya ce yanka ya yi daidai, amma gishiri bai ji ba. Hasiya ta ce gobe za a ƙara.

Har yau kasuwarsa ba ta dawo kamar da ba. Amma shaddar ta zauna a jikinsa, azumi kuwa sai Litinin da Alhamis. Allah ya rufa mana asiri baki ɗaya.