Ambulan ɗin Babanmu da Almakashin Umma

Babanmu ya yi shekarun ƙarfinsa a sito a tashar jiragen ruwa ta Jidda, amma hankalinsa na sama. Tun yana saurayi wani matuƙin jirgin ruwa ya ba shi ambulan mai hoton kumbo, da kan sarki da hatimin ranar da aka harba shi. Daga nan abin ya kama shi. Ya riƙa rubuta wa masu irin wannan sha'awa a ƙasashe, suna aiko masa da irin waɗannan ambulan ɗauke da sunansa da adireshinsa. Da ya rasu, ya bar mana akwati guda cike da su: 'yan sama-jannati, duniyar wata, tauraron ɗan'adam. Mutumin da ko jirgin sama bai taɓa shiga ba!

Umma ba ta taɓa neman komai a wurina ba sai abu ɗaya. Tana son ta je Kano ta ga ƙanwarta da ke kwance, wadda rabonsu da juna tun ina goye. Ni kuwa direba ne a wani gida a unguwar Abhur, albashina iya cefane da haya. Sai na tuna da akwatin.

Wani abokin maigidana yana tara irin waɗannan kaya. Na nuna masa hotuna a waya, ya gyara zama, ya faɗi farashin da ya isa tikitinmu mu biyu har da tsaraba. Muka yi alkawari zan kai masa ranar Asabar.

Ranar Alhamis na dawo gida, unguwarmu ta Ammariyya, da la'asar, na tarar da Umma a kan darduma, tabarau a hanci, almakashi a hannu. Kowane ambulan ta yanke masa 'yar taga a tsakiya.

Na ce, “Umma, me kike yi?”

Ta ce, “Sunan babanku nake cirewa, ya waladi, ɗana. Akwai sunan Allah a cikinsa. Wa ya san hannun da za su faɗa? Wani ya yar a ƙasa, a taka? Halas, shi ke nan, saura kaɗan na gama.”

Haka ta taso, haka ta tashe mu. Ko takardar burodi ta gani da rubutu a titi sai ta ɗaga ta saƙala a bango. Ta yi yankan da kyau ƙwarai, ba ta taɓa kan sarki ko ɗaya ba. Ƙananan takardun kuma ta jera su cikin gwangwanin alewa. Na tsaya ina kallonta, raina ya ɓaci, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Na zauna na miƙa mata sauran.

Ranar Asabar mutumin ya ɗaga ɗaya, ya hango ni ta cikin tagar. Ya yi min bayani a hankali, cewa darajar abin tana ga cikarsa ne, da adireshi da hatimi da komai. Ya saye su don kunya, a kuɗin da bai kai tikitin mutum ɗaya ba.

A hanya na yi ta juya abin da zan faɗa mata. Na rasa ƙarfin halin faɗin gaskiya. Na ce mata ashe kayan ba su da wata daraja, tun asali mutumin bai duba da kyau ba ne.

Ba ta je Kano ba. Ƙanwar ta rasu kafin azumi, aka gaya mata ta waya.

Na yi zaton na rufa mata asiri ne kyauta, ashe akwai wanda zai biya. Har yau in hira ta biyo ta kan Baba, sai ta girgiza kai ta ce, “Allah ya jiƙansa, mutumin kirki, amma ya ƙarar da rayuwarsa wajen tara takardun banza.” Abin yana ci mini rai, don na san ya bar mata abin da zai kai ta, ni na ɗora masa laifin. Sai in sunkuyar da kai in ce amin.