Gwiwar Ɗan Liman

A shekarar da gwamnati ta ce kowane yaro sai ya shiga firamare kyauta aka ɗauke ni aikin koyarwa. Iyakar karatuna aji bakwai, sai ɗan kwas da aka yi mana a Birnin Kudu. Daga nan aka tura ni wani ƙauye wajen Dingaya, a ƙasar Gwaram. Makarantar ɗaki biyu ce da rumfar zana, ba katanga, hanyar maƙabarta kuma ta gefen filinta ta bi. Ni aka ba aikin jera yara da safe, in duba farce da haƙori da kai.

Da fari kowa da abin da ya samu yake zuwa. Wani 'yar shara, wani taguwar yayansa har ƙasa, ƙanana ma da bante. Ni kuwa ina son abu a jere. Saboda haka da umarni ya zo daga ofis cewa duk makarantun gwamnati kaya iri ɗaya za a riƙa sawa, na fi kowa murna. Maza farar riga da gajeren wando na kaki, wanda zai tsaya sama da gwiwa. Mata doguwar riga shuɗiya da farin ɗankwali. Ranar da aka fara, na dubi layi tun daga gaba, na ji makarantarmu ta zama makaranta. Sai idona ya kai ƙarshen layi. Ɗan liman na tsaye da sabuwar farar riga, da dogon wandonsa na gida.

Yaron nan ba ƙaramin yaro ba ne. Ya sauke Alƙur'ani tun kafin a buɗe makarantar, muryarsa ta buɗe, gashin baki ya fara fito masa, ni kaina da kaɗan na girme shi. Sauran yara dagaci ne ya tattaro su, shi kuwa da kansa ya roƙi uban ya bar shi ya shiga. Wai so yake ya iya karanta rubutun da ke jikin kwalbar maganin dabbobi, don an taɓa ba wata saniyarsu fiye da ƙima ta mutu. Cikin ɗan lokaci muka tsallakar da shi zuwa aji huɗu. Hedimasta ya ce shi ne zai fara ci mana jarrabawar shiga sakandare.

Na kira shi gefe na ce, "Ina wandonka na makaranta?"

Ya ce, "Malam, Baba ya ce gwiwar baligi al'aura ce."

Da la'asar na tafi zauren liman. Na tuɓe takalmi, na gaishe shi, na kawo masa bayani daki-daki: da farko doka ce ta gwamnati, na biyu kowa ya bi, na uku yaron da bai bi ba za a mayar da shi gida. Ya bar ni har na gama.

Ya ce, "Malamin boko, kai da kake koya masa, gajeren wando kake sawa?"

Na ce, "A'a, Allah gafarta Malam. Ni malami ne."

"To shi ma in na tafi ɗaurin aure ko raɗin suna a rugage, shi ke jan salla. Mutumin da ya ga cinyarsa da hantsi, zai tsaya a bayansa da azahar?"

Ya ce ba ya ƙin karatun, shi ya sayi rigar ma da hannunsa. A rufe gwiwa kawai.

Na koma wajen hedimasta. Ya ce shi ba ruwansa da gwiwar kowa, amma mai duba makarantu in ya zo ya ga yaro da dogon wando a layi, shi za a tuhuma, kuma yanzu aka ba shi kujerar.

Ranar kasuwar Gwaram na kai maganar wajen telan da ya ɗinka wa yaranmu kaya, wani dattijo mai yawan barkwanci. Ya yi dariya har ya ɗauke ƙafa daga kan keke.

Ya ce, "Wato gwamnati na son ganin gwiwa, liman ba ya so. Kai malam, wa kake bi?"

Na ce ban zo wasa ba.

"Ai na sani, fuskarka ba ta san wasa ba. Kawo mini yaron."

Ya ɗinka wando ya ƙara masa tsawon taƙi ɗaya, har ya sauka ƙasa da gwiwa, ya sa maɓallai daga ciki. In an naɗe ƙarin an ɓalle, gajeren wando ne sak irin na kowa. In an sake shi, gwiwa ta rufu. Muka tsara abin haka: a hanya a sake, a aji a sake, in an ji ƙarar babur daga wajen rafi ya zaga bayan rumfa ya naɗe. A lokacin babur ɗaya ne ke zuwa ƙauyen, na mai duba makarantu, kuma tun daga nesa ake jin sa. Na nuna wa hedimasta. Ya juya kai ya ce, "Ni ban gani ba."

Haka muka ci rani da damina. Yara suka riƙa tsokanarsa, da sun ji ko da ƙarar injin niƙa sai su ce, "Liman ƙarami, naɗe, naɗe!" Yakan yi murmushi ya ci gaba da lissafinsa. Ni ma na saki jiki.

Wajen kaka aka ce za a yi faretin 'yan makaranta a Gwaram. Mai duba makarantu ya zo da hantsi ya ga shirinmu. Ɗan liman ya ji babur, ya zaga ya naɗe kamar kullum. Da aka jeru, baƙon ya nuna shi ya ce dogon nan ya dawo gaba, a rataya masa ganga. Aka fara zagaya fili, hagu dama, hagu dama, ana ɗaga gwiwa sama yadda aka koya musu.

A daren da ya gabata wata tsohuwa ta rasu a unguwar gabas, ni kuma na sha'afa da lokacin jana'iza. Sai ga makara ta ɓullo ta gefen fili, liman a gaba, mazan gari kaf a bayansa. Na ɗaga hannu a tsaya. Ganga ta yi shiru, yara suka ƙame, yaron na gaba da kowa, ba inda zai ɓuya. Na ga hannunsa ya sauka wajen maɓalli, ya dubi baƙon, ya mayar da hannun kan ganga. Liman ya dube shi sau ɗaya ya wuce. Waɗanda ke bayansa ba sau ɗaya suka duba ba.

Washegari gurbinsa a ƙarshen layi ba kowa.

Na koma zaure. Na fara bayani a kan maɓallan, liman ya tsayar da ni.

Ya ce, "Ka zaci ban san da su ba? A gidana ake wanke wandon nan, a igiyata ake shanya shi. Abin da ban gani da idona ba na bar shi. Amma jiya gari ya gani. Tun a bakin kabari aka fara yi mini magana, ladan ya ce in yaron ya shiga gaba shi zai koma baya ya yi tasa shi kaɗai." Sannan ya ce, "Ka samo masa izinin dogon wando, gobe da kaina zan rako shi."

Na je wajen dagaci. Ya ce shi tsakanin liman da gwamnati ba ya shiga, da su biyun yake zaune. Na sake zuwa wajen hedimasta, ya ce in ina da ƙafa in je ofis da kaina. Na hau bayan akori-kura tare da buhunan gero har Birnin Kudu, na zauna a benci har aka kira ni. Jami'in da na samu bai yi mini wulaƙanci ba, har ruwa ya sa aka kawo mini.

Ya ce, "Malam, in muka bar ɗaya, gobe wani zai zo da babbar riga, jibi wani da rawani. Dalilin kayan ke nan, kada a gane ɗan wane da ɗan wane. Ya yi haƙuri, a sakandare manyan ɗalibai dogon wando suke sawa."

Na ce, "Yallaɓai, ai sai ya gama nan zai kai can."

Ya ce, "To, haka dokar take. Ba ni na yi ta ba."

Na dawo da ƙura har cikin kunne. Na faɗa wa liman yadda aka yi, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Na ce ko yaron ya riƙa zuwa ɗakina da yamma in koya masa. Aka yarda, ya zo na ɗan lokaci, amma wanda ba ya cikin makaranta ba a sa shi a jarrabawa, ga girbi ya kama, daga baya kuma aka tura shi kudu da shanu. Kafin ya tafi ya kawo rigar da wandon a wanke a ninke, ya ce a ba wani. Wandon ya yi wa kowa yawa, ya daɗe a saman kabad ɗin hedimasta.

Bayan shekaru, an mayar da ni makarantar Surko, wata ranar kasuwa wani mai gemu ya durƙusa ya gaishe ni. Sai da ya yi magana na gane shi. Bayan gaisuwa ya zaro kwalbar maganin tsutsa daga aljihu, ya sa yatsa a kan rubutun, ya karanta mini layin farko da na biyu a hankali, ba kuskure. A na uku yatsan ya tsaya.

Ya ce, "Malam, nan ne ba mu kai ba. Ƙarasa mini, maraƙin ba ya cin abinci."

Na karɓi kwalbar na karanta masa sauran.