Awa Ashirin da Huɗu na Lubna

Lubna ba ta iya jira ba tun tana ƙarama. Ko shayi a tsaye take sha, ƙafa ɗaya na karkaɗawa. Da ta zama mai rubuta manhajar waya a wani ƙaramin kamfani a Doka, ba abin da ta tsana kamar ɗan zoben nan da ke juyawa kafin shafi ya buɗe.

Ita ta yi wa masallacin layinsu a Badarawa manhajar sanarwa kyauta: suna, ɗaurin aure, jana'iza. Don kada zoben ya riƙa juyawa, kada kuma datar tsofaffi ta ƙare, sai ta sa layi ɗaya na umarni: waya in ta ɗauko shafin, ta ajiye shi awa ashirin da huɗu, kada ta sake tambaya. Shafi ya riƙa buɗewa nan take. Har kuri ta yi a ofis.

Babanta, Alhaji Ja'afaru, tsohon ma'aikacin gwamnati ne da kunne ya yi wa nauyi. Ba ya jin shelar masallaci, manhajar ce kunnensa. Tsoronsa ɗaya a duniya, a binne wani nasa bai sani ba.

Ranar wata Talata ya buɗe ta da ƙarfe bakwai na safe, babu komai. Ƙarfe takwas amininsa na shekara arba'in, Malam Ɗahiru, ya cika. Ƙarfe tara aka sa sanarwa: jana'iza sha ɗaya. Lubna ta gani a kwamfutar ofis, ta yi salati, ta ce a ranta ai Baba ya gani.

Da ta dawo bayan La'asar, ta same shi a zaure, da hula a gwiwa. Maƙwabci ne ya gaya masa, bayan an dawo daga maƙabarta.

"Sau uku na duba, Lubna," ya ce. "Ta ce mini ba wanda ya rasu."

Bai yi faɗa ba, abin da ya fi ci mata rai ke nan. Ko mayafi ba ta cire ba ta goge layin umarnin nan, ta sa waya ta riƙa tambaya duk lokacin da aka buɗe.

Yanzu zoben yana juyawa. Kullum da safe takan tsaya a bayan Baba, ƙafa ɗaya na karkaɗawa, har shafin ya buɗe. Shi kuwa yakan karanta, ya ajiye wayar, ya ɗauki sandarsa ya tafi masallaci ya tambaya da bakinsa.