Ranar da Shanun Baffa Manu Suka Duba Mini Aiki

Har gobe ban manta da safiyar da shanu suka kayar da ni jarrabawa a Burumburum ba, ni da ake kira babban injiniya a situdiyonmu. Ku da kuka shigo aikin kwanan nan, ku buɗe kunne.

A lokacin Sagir Mai Jita ya ɗan gaji da kiɗan ƙungiyarsu, irin wanda in suka saki jitar lantarki da ganguna sai ka ji haƙoranka na rawa. Ya ce zai yi faifai shi kaɗai a gefe, ya gauraya sautin kwamfuta da jita mai sanyi da abin da kunne ke ji a karkara. Abokan kiɗansa suka ce ya taɓu. Ni aka ɗora wa ɗaukar sauti da tacewa.

Ginshiƙin faifan kuwa sarewar wani dattijon makiyayi ce, Baffa Manu, wadda yake kiran shanunsa da ita. Ya yarda muka ɗauka, amma da sharaɗi.

"In kun gama haɗinku, ku kawo shanuna su ji," in ji shi. "In sun amsa, busata ce, ku tafi da ita. In ba su amsa ba, ku goge."

Sagir ya ce ya amince. Ni dariya na yi a ciki.

A aikinmu, bayan ɗauka sai tacewa. Ka cire hucin numfashi, ka miƙar da duk sautin da ya karkace, ka zaunar da shi kan bugun kwamfuta don kada ya yi gaba ko baya. Sati biyu na yi a kan busar nan, na wanke ta tas, ina ta yabon kaina.

Muka koma Burumburum wurin Baffa da hantsi, shanu na kiwo can cikin fadama. Muka ɗora lasifika a bayan mota, na danna. Wallahi ko saniya ɗaya ba ta ɗaga kai ba. Na ƙara murya, wata ta kaɗa wutsiya ta juya mana baya. Na dubi Sagir, idonsa ya yi ja, aikin wata huɗu na shirin bin ruwa. Kunya ta rufe ni.

Baffa ya ce, "Ɗana, busar nan da daɗi, amma ban san mai ita ba. Ina ka kai numfashina?"

Ashe jan numfashin da yake yi kafin ya busa, da wata lanƙwasa da ya gada wurin mahaifinsa, su ne shanun suka sani. Su kuwa na fara sharewa, wai datti ne.

Allah ya taimake ni, tsohon ogana ya hore ni da kada in taɓa goge ɗaukar farko. Na ce, "Baffa, a yi mini haƙuri na awa guda." Na zauna ƙarƙashin wata ɗorawa da kwamfuta a cinya, na maido da busar yadda ta fito daga bakinsa, huci da komai. Maimakon in tilasta mata bin bugun, sai na sa bugun ya bi ta, inda ta ja ya jira.

Na sake dannawa. Wata farar saniya, uwar garke, ta ɗaga kai. Ta yi kuka, ta taho, sauran suka biyo ta a jere. Har gindin mota ta zo ta lashi lasifikar. Sagir, ƙaton da ke firgita mutane a dandali, ya yi tsalle ya rungume ni yana ihu. Ban taɓa jin daɗin aiki kamar na ranar ba.

Baffa ya yi murmushi ya ce, "Ku tafi da ita. Amma gurnanin nan na ƙasa da ke cikin kiɗan, ku ƙara shi kaɗan. Kamar hadarin gabas yake, suna son sa." Muka kwashe da dariya, dattijo ya zama mai ba da umarni a aikin.

Kukan saniyar nan makirufo ya kama shi, kuma da shi faifan ya buɗe. Ban tace shi ba.

To ku da hannunku ke ƙaiƙayin gyara, kafin ku share abin da kuke gani datti ne a muryar mutum, ku tambayi mai ita. Wataƙila da shi ake gane shi a gida.